Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Dagatai, Masu Unguwanni Da Limaman Karkarar Kano Da Jigawa: A Buɗe Wa Kowane Gida Littafin Asali

Assalamu alaikum. Ranku ya daɗe, iyayen ƙasa. Allah ya gafarta malamai.

Bayan gaisuwar ban girma da fatan an ga amfanin gona lafiya, mu wasu malaman makaranta ne da masu aikin tattara tarihin baka. Buƙata ɗaya ta kawo mu: ku sa baki a buɗe wa kowane babban gida da ke ƙarƙashinku littafin asali, a fara daga wannan kaka, tun tsofaffin da suka riƙe labarin suna da sauran ƙarfin magana.

Duk mai son ya gwada, ya tsayar da saurayi a kasuwar Gujungu ko a karar Wudil ya ce masa ya jero kakanninsa. Zai faɗi sunan uba, ya faɗi na kaka, daga nan sai ya fara sosa ƙeya. Idan aka koma ɗakin uwa, da ƙyar ya wuce wadda ta haifi mahaifiyarsa. Lambar katinsa ta ɗan ƙasa kuwa yana iya karanto ta da ka. Wannan ba laifin yaron ba ne. Hirar dare a dandali da zaman zaure su ne makarantar da ake koyon irin wannan, kuma waya da ci-rani sun ɗauke ɗalibanta.

Wani zai ce mene ne abin damuwa, ai sunan matattu ba ya cika rumbu. To, ga abin da ke ciki. Yaron da ya san cewa kakan kakansa ne ya sare dajin nan, cewa kakansa ne ya haƙa rijiyar ƙofar gida, cewa an taɓa jinginar da gonar fadama a shekarar fari sannan wata gwaggo ta sayar da tumakinta ta fanso ta, wannan yaro ba ya kallon gonar da idon mai jiran dillali. Ya san cewa tsakiyar labari aka haife shi, akwai waɗanda suka gabace shi, akwai kuma waɗanda za su tambayi abin da ya yi da nasa rabon. Wanda bai san komai ba, shi kaɗai yake ganin kansa a fage, sai ya sayar ya sayi babur. Ba mu ce sayen babur laifi ne ba. Muna so ne duk wanda zai sayar ya san abin da yake sayarwa.

Ku muka nufa da wannan takarda domin a hannunku zaren yake. Dagaci da mai unguwa su ne shaidun cinikin gona da rabon iyaka, kuma a gidajen wasunku har yanzu akwai tsofaffin takardun haraji masu ɗauke da sunayen magidanta. Liman kuwa shi ke raɗa suna, shi ke ɗaura aure, shi ke sallatar gawa. Idan ɗan makaranta ya je da littafi shi kaɗai, za a ɗauka ƙidaya ce ko rajistar tallafi, a ba shi amsar da ake zaton tana kawo taki. Idan aka ji daga bakinku bayan sallar Juma'a cewa babu kuɗi a ciki, babu gwamnati a ciki, sai a saki jiki.

Kayan aikin ba su da yawa: littafi mai bangon kwali ga kowane gida, fensir da biro, wayar da ke ɗaukar murya, da memori mai kyau. Muryar awa ɗaya takan ci wajen megabayit 60, don haka memori mai gigabayit 8 ya ishi unguwa guda. A dai gwada shi tukuna, a cika shi a sake saurare, saboda na jabu sun cika kasuwa: yana nuna ya karɓa, ranar da aka nema a tarar wayam.

Babban abin lura shi ne wanda zai yi tambaya. Kada a tura ɗa wurin ubansa, kada a tura suruka, kada kuma a kuskura a tura ɗan fari wurin uwarsa. Kunya za ta rufe bakin kowa. Jika ake turawa, domin tsakanin kaka da jika akwai wasa, kuma abin da tsohuwa ba za ta faɗa wa ɗanta ba za ta faɗa wa "mijinta" ɗan shekara sha biyar tana dariya tana zaginsa. Amma ko jikan ma yana da iyaka. Zai ce, "Iya, wa ya aure ki da fari?" Ita kuma ta kau da kai ta ce, "Mai gidan can na Gabas." Ya ce sunansa fa? Ta ce, "Kai, tashi ka ba ni wuri." Ba mantuwa ta yi ba. Ba za ta ambaci sunan miji ko na ɗan fari ba ko da shekara hamsin da rasuwarsu. A nan ba a matsa mata. A bar gurbin, a je wurin ƙanwarta ko kishiyarta ko ƙawarta ta ƙuruciya, su za su cike shi ba tare da wata wahala ba. Tsofaffin mata kuma a haɗa su da 'yan mata masu rubutu, a cikin gida, ba a zaure ba, domin akwai maganar haihuwa da ɓari da zaman aure da ba za ta fito a gaban namiji ba.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan an gama ɗaure dawa, kafin samari su watse ci-rani, sai kuma hutun Sallah idan sun dawo. A rana kuwa hantsi ya fi, kafin injin niƙa ya tashi. Zama ɗaya kada ya wuce awa guda. Gara a dawo sau uku da a gajiyar da tsoho ya fara amsa "haka ne" ga komai. A rufe kiran wayar, a ɗora ta a kan ninkakken zane kamar kamu ɗaya daga bakin mai magana. Idan aka riƙe ta a hannu, motsin yatsa zai fi muryar fitowa. Kafin komai, mai tambaya ya faɗi kwanan wata da sunan gari da sunan wanda ake hira da shi a cikin rikodin ɗin kansa, saboda bayan shekara biyu ba wanda zai tuna muryar wa ce. A kuma kori 'yan kallo cikin ladabi. Da zarar mutum biyar sun zauna, tsoho ya daina ba da labari, ya koma kare mutunci.

Kada a buɗe da "Baba, ba ni tarihinka." Amsar ita ce, "To, mu dai mun taso mun tarar da iyayenmu suna noma," shi ke nan an rufe. A tambayi abu mai kama hannu. Wa ya dasa tsamiyar nan? Da wace ƙwarya aka auna sadakinki, ko da kuɗi ne, nawa? Ina aka kai ka karatun allo, da ƙafa ko a jirgi? Ranar da aka fara sa ka a haraji, wa ke dagaci? Tambaya ɗaya irin wannan takan jawo sunaye goma.

Inda aikin ya fi wuya, kuma inda aka fi yin kuskure, shi ne sa shekara. Tsohon karkara ba ya ƙirga da lamba, da aukuwa yake ƙirgawa. Saboda haka kowace gunduma tana bukatar jerin aukuwarta a shafin farko na littafi, a riƙa auna magana da shi. Wasu na kowa ne. Yaƙin Basasar Kano daga 1893 zuwa 1895 ya tayar da garuruwa da dama, kuma gidaje da yawa daga nan labarin ƙaurarsu ya fara. Turawa sun ci Kano a 1903, Haɗeja a 1906. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, layin Nguru da ya ratsa Ringim da Malam Madori kuma aka gama shi a 1930. Yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 ba sauran wanda ya gan ta, amma akwai waɗanda iyayensu suka ba su labarinta. Sarki Abdullahi Bayero ya yi mulki daga 1926 zuwa 1953, Sarki Sanusi daga 1953 zuwa 1963, Sarki Ado daga 1963 zuwa 2014. An kashe Sardauna a Janairun 1966. An koma tuƙi a hannun dama a 1972, naira ta maye gurbin fam da sule a farkon 1973, shekarar da fari ya yi tsanani. Kuturtar gyaɗa ta 1975 ita ta karya noman gyaɗa. An kashe Murtala a Fabrairun 1976, kuma a shekarar aka fara kwasar yara zuwa firamare kyauta. Rimi ya soke haraji da jangali a 1979. Rikicin Maitatsine a Disambar 1980, rasuwar Malam Aminu Kano a Afrilun 1983, canjin launin kuɗi a 1984, fashewar dam ɗin Bagauda a 1988, ƙirƙiro Jigawa a Agustan 1991, sanƙarau a 1996. Sauran kuwa ku kuka fi kowa sani: shekarar da gobara ta ci kasuwa, shekarar da aka naɗa wane dagaci, shekarar da ruwa ya ci gari aka koma tudu.

Yadda ake amfani da jerin shi ne a matse magana ta gaba da ta baya. Tsohuwa ta ce da fam aka biya sadakinta, kuma tana goyon fari aka kashe Murtala. Ke nan aurenta bai wuce farkon 1973 ba, haihuwar kuma tana wajen 1975. Sai a rubuta "wajen 1975" da fensir, ba da biro ba, don wata shaida tana iya zuwa ta gyara. Kalmar "wajen" ba abin kunya ba ce. Abin kunya shi ne a ƙaga rana da wata, irin ɗaya ga Janairun da ya cika katunan mutanenmu. A kula kuma da aukuwa masu kama da juna. "Shekarar canjin kuɗi" tana iya zama 1973, tana iya zama 1984, har akwai canjin da aka yi lokacin yaƙin Biyafara. "Shekarar fari" ma ba ɗaya ba ce, an yi a 1973, an kuma yi wajen 1984. Dole a ƙara tambaya: wa ke mulki, soja ko farar hula, kai kana da aure ko ba ka da shi?

Sunayenmu ma shaidu ne. Ɗan'azumi da Azumi sun faɗi watan haihuwarsu, Sallau ya faɗi ranarsa, Anaruwa da Marka sun faɗi damina, Cigero da Ciwake sun faɗi kaka. Tanko ya nuna mata ne suka gabace shi, Kande ko Delu ta nuna maza ne, Gambo ya nuna akwai tagwaye a gabansa ko da ba wanda ya ambace su saboda sun rasu suna jarirai. Ajuji da Ayashe kuwa suna nuna uwar ta sha binne 'ya'ya. Idan aka haɗa azumi da yanayi, lissafi ya ƙara matsewa, domin shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kwana 11, azumi kuma yana zagayowa wuri ɗaya duk bayan shekara 33. An yi azumi a watan Agusta a 2011, haka a 1978, haka a 1945. Dattijon da ake kira Ɗan'azumi, aka ce ana tsakiyar marka aka haife shi, to ɗaya daga cikin waɗannan zagaye ne, kuma furfurarsa za ta faɗi wanne. Idan an sami shekarar Hijira a rubuce da ajami a bangon Alƙur'ani ko cikin gafakar wani malami, a raba ta da 33, a cire abin da ya fita daga cikinta, a ƙara 622. Misali 1400: a cire 42, saura 1358, a ƙara 622, ya ba da 1980. Kuskuren ba ya wuce shekara ɗaya.

Salsala tana da cututtukanta. Na farko tsallake: ana riƙe sunan wanda ya kafa gida da na kusa, na tsakiya su zube. Daga jihadin Shehu na 1804 zuwa yau an haura shekara 220. Idan aka ba kowane uba shekara 30 zuwa 35 kafin ya haifi na bayansa, ana bukatar suna shida ko bakwai. Wanda ya kawo huɗu ya ce na huɗun ya yi zamani da Shehu, to akwai biyu ko uku da suka faɗi a hanya, ko kuma suna ɗaya ne ya maimaitu, jika ya ci sunan kaka aka haɗe su mutum guda. Shi ya sa ake rubuta laƙabi da sana'a kusa da kowane suna. Na biyu riƙo: mutum zai ce wance ce uwarsa alhali gwaggo ce ta ɗauke shi daga yaye. A rubuta duka biyun, wadda ta haifa da wadda ta riƙa, a kuma rubuta wadda ta shayar idan akwai, tunda malamai sun fi mu sanin abin da nono yake haramtawa a aure. Na uku, kowa yana so a ce daga gidan sarauta ko daga Gabas kakansa ya fito. Ba a gardama da tsoho. A rubuta yadda ya faɗa, a sa sunansa a gefe, a nemi wani daga wani ɗakin shi ma a rubuta nasa. Littafin da ke da ruwaya biyu ya fi wanda aka daidaita shi ya zama ɗaya. Na huɗu kuwa shi ne zubar da mata, kuma wannan ya fi sauran ɓarna, domin ta wajen mata ne ƙauyuka suka haɗu da juna. Kowace mace a rubuta garin da aka auro ta da garin da aka kai ta.

Akwai abin da ba ya shiga littafi sai da yardar masu shi. A ƙasar da aka yi rinji da bauta, wasu gidajen asalinsu yana da ciwo, kuma gori bai mutu ba. Haka zancen cikin da ba a so, da tsohuwar gaba, da wanda aka ɗaure. Magana zarar bunu ce, balle wadda aka rubuta. Ƙa'idar ita ce, kafin a rufe zama a tambayi mai magana abin da ya yarda a rubuta, da abin da ya ce a bari sai bayan ransa, da abin da bai yarda ba sam. Littafin kuma na gida ne, a hannun babban gida zai zauna. Kada a tura muryar kowa a WhatsApp, in ba haka ba kafin magariba ta zaga gari. Muna kuma roƙonku, ranku ya daɗe, kada a mai da littafin nan takardar shari'a. A rubuta yadda kowace gona ta shigo gida, gado ce ko saye ko kyauta ko aro ko jingina, da iyakarta ta gamba ko kuka ko burtali, har da wanda ya mallaki ɗorawar da ke cikinta, tunda sau da yawa mai itace daban mai ƙasa daban. Amma ranar da aka fara ɗaukar littafi ana kai shi gaban alƙali don a ƙwace aron shekara arba'in, daga ranar ba tsohon da zai sake buɗe baki a gundumar.

Rabin littafin na baya ne, rabin kuma a bar shi ga masu rai, kuma wannan rabin shi ne dalilin wahalar duka. Waiwaye adon tafiya ne, amma tafiyar gaba ake yi. Kowane saurayi da budurwa a ba su shafi, su rubuta sunansu a ƙarƙashin na iyayensu, su bar fili a ƙasa. Sannan a zauna da su a yi lissafin da littafin ya nuna. Gona kadada 12, magada maza huɗu mata huɗu, a ajiye tumunin matan mamaci gefe don sauƙi: namiji ya sami kadada 2, mace 1. Idan mai kadada biyun ya bar 'ya'ya kamar haka, ɗansa zai tashi da sulusin kadada. Yaron da ya ga wannan da idonsa ba sai an yi masa wa'azin sana'a ko karatu ko noman rani ba. Haka rijiya: a rubuta gaba nawa guga ke yi a zamanin kaka, gaba nawa yake yi yau. Mutanen fadamar Haɗeja su rubuta inda ruwa ke kaiwa kafin a gama dam ɗin Tiga a 1974, da inda ciyawar kacalla ta cinye yanzu, da inda ambaliyar 2022 ta tsaya.

A buɗe shafin lafiya. Idan a ɗaki ɗaya yara uku sun rasu da ciwon gaɓoɓi da kumburin hannu da ƙarancin jini, a rubuta, domin alamar sikila ce. Masu jinin AS biyu, wato masu ɗauke da gadon sikila ba tare da ciwon ba, idan suka yi aure, kowane ciki yana da kaso ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS, wato mai ciwon sikila. Jihar Kano ta kafa dokar gwaji kafin aure a 2024, amma gwajin da aka yi bayan an kai lefe ya zo a makare; gidan da ke auren zumunci ya kamata ya san matsayin 'ya'yansa tun kafin a fara zance. A kuma rubuta wa ya riga wa rasuwa, ko da da kwana ɗaya ne. Gadon da aka bari shekara talatin ba a raba ba, a kan wannan tambayar yake cijewa. Jikan da ubansa ya riga kakansa rasuwa ba ya gado muddin akwai baffa, kuma kakan da ya ga haka a rubuce yana da damar yi masa kyauta tun yana raye, ko wasiyya da ba ta wuce sulusi ba.

Maganar ajiya gajeriya ce. Maƙiyan takarda su ne gara da ɗanshi da ɓera. Akwatin ƙarfe, a ɗora shi a kan bulo, nesa da bango, a buɗe shi a sha iska sau biyu a shekara, farkon damina da ƙarshenta. Kada a naɗe littafi a leda a manta, gumi zai sa shi funfuna. Tsofaffin takardun ajami da rasiɗan haraji kada a liƙe su da selotef, kada a kai su a gasa musu leda a shago, ba a iya cirewa kuma zafin yana lalata su; a ɗauki hotonsu a inuwa, a sa su tsakanin fararen takardu. Muryar da aka ɗauka a juye ta a rubuce tun mai maganar yana raye, da kalmominsa yadda ya faɗe su, ba a gyara masa Hausa ba. Awa ɗaya takan ci awa huɗu zuwa shida na rubutu, don haka a raba wa ɗalibai. A yi kwafi uku, ɗaya a gida, ɗaya wurin wani ɗan gidan da ke wani gari, ɗaya a memori na daban, kuma duk bayan shekara biyu ko uku a juye zuwa sabo. Abin da ya shafi tarihin gari baki ɗaya, wanda masu shi suka yarda a fitar, ana iya neman masu kula da tarihi a Gidan Ɗan Hausa a Kano, ko malaman tarihi na Jami'ar Bayero da Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa, a ba su kwafi.

Abin da muke roƙo a aikace shi ne kowane mai unguwa ya lissafa waɗanda suka haura shekara saba'in a unguwarsa, maza da mata, a fara da mafi tsufa da mafi rauni. Kowane dagaci ya tara dattawa zama ɗaya a fitar da jerin aukuwar gari. Kowane liman kuma ya ajiye littafi a masallaci, ranar suna ya rubuta sunan jariri da na uwa da na uba da kwanan wata na Hijira da na Miladiyya, haka ranar ɗaurin aure da ranar jana'iza, sannan ya tuna wa uban jariri ya je ya karɓi takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya kafin a yi arba'in.

Allah ya ja zamaninku, ya ƙara wa malamai lafiya. Wassalam.

Daga wasu malaman makaranta da masu tattara tarihin baka a Kano da Jigawa.